Cacar gefe a teburin bilakjak

Ka tambaye ni, ɗana, yanzu da kake koyon rabon kati a gidan caca, me ya sa manaja yake damuwa da ƙananan da'irorin da ke gefen babban gurbin zuba kuɗi a teburin bilakjak, wasan katin da ake neman kai wa 21, alhali abin da ake ajiyewa a cikinsu bai taka kara ya karya ba. Ka kuma ce ko ya kamata ka riƙa tallata su ga masu wasa.

Lissafi ne amsar. A ainihin wasan, wanda ya iya taka tsantsan, ya san lokacin jan kati da lokacin tsayawa, abin da gida yake ci a kansa bai fi rabin kashi 1 cikin 100 ba. Wannan riba ba ta cika tumbi. Daga gefe ake cike giɓin.

Ɗauki Perfect Pairs, wadda ake caca a kan ko katunan farko biyu na mai wasa za su zo lamba ɗaya. Da fakiti 6 muke rabawa, kati 312 ke nan. Da ka ba mutum katin farko, saura 311. A cikinsu 5 ne kawai tagwayensa sak, 6 suna da lambarsa da launinsa amma alama daban, 12 kuma lambarsa ce da ɗaya launin. Biyan da aka fi gani, bi da bi, shi ne 25, da 12, da 6 a kan 1. Mai wasa 25 ɗin nan yake hange, idonsa ya rufe. Ba ya ganin cewa tana faɗowa ne kamar sau 1 a cikin 62. Ka haɗa duka ukun, gida yana cin wajen kashi 6 cikin 100, fiye da ninki goma na babban wasan. Ita 21+3 tana haɗa katunansa biyu da naka na sama ta auna su da ma'aunin foka, wani wasan kati da ake duba yadda katuna suka dace da juna. Ta ɗan fi sauƙi a wasu teburan, amma duk jirgi ɗaya ne.

Wadda na fi so ka fahimta ita ce inshora, don ita ce ke yaudarar har masu hankali. Idan katinka na sama As ne, wato katin A, za ka tsaya ka tambayi tebur. Mutum zai iya sa har rabin abin da ya zuba, a biya shi 2 a kan 1 idan katinka na ƙasa mai goma ne. Sunan yana sa shi jin kamar yana kare dukiyarsa, amma ba ruwanta da katin da ke hannunsa. Sabuwar caca ce a kan naka. Masu goma, wato 10 da Jak da Sarauniya da Sarki, 4 ne cikin kowane 13. Kafin biyan ya zama adalci sai sun kai 1 cikin 3. Wannan ɗan ratar tana ba gida sama da kashi 7 cikin 100. Tun 1962 masanin lissafi Edward Thorp ya nuna cewa mai ƙirga katunan da suka fita yana iya juya ta ta zama riba gare shi idan masu goma sun taru a sauran katin, shi ya sa sufeto, mai lura da tebura, yake zuba ido ga wanda ba ya karɓarta sai jefi-jefi.

Batun talla kuwa, ni ban yarda ba. Ka sanar an buɗe, ka yi shiru. Na sha ganin mutum ya ci babban wasa dare guda amma ya tashi aljihu wayam, don kowane zagaye yana jefa ƙwaya ɗaya a gefe. Idan wani ya tambaye ka kai tsaye, ka gaya masa gida ya fi ci a nan. Kada ka taɓa ce masa "yanzu za ta zo". Ba ka sani ba.

Wajen aikin hannu, da zarar ka gama rabon farko ka sallami gefe kafin kowa ya ja kati. Kwashe na waɗanda suka faɗi tukuna, sannan ka biya masu ci ɗaya bayan ɗaya. Babban biya ka faɗe shi da baki, ka shimfiɗa shi a fili kyamara ta gani, ka jira sufeto ya amsa kafin ka tura. Ka haddace ninkin 25 da na 12 kafin ranar da za a tsayar da kai kai kaɗai.