Amsa ga mai tambayar yoyon jinka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce jinkar da ka yi wa ɗakin Inna damina ɗaya ta fara yoyo, kana tambayar ko kayan aiki ne ba ka haɗa ba. Kayan aikin ba su da yawa: lauje, adda, wuƙa mai kaifi, sai igiyar rama ko ta kaba. Ni inda nake zargi shi ne shucin da yadda aka yanta shi.

Tun ina yaro nake bin mahaifina baibaya, kuma bai taɓa yarda a yanki shuci ɗanye ba. Sai kaka ta yi, wajen watan Nuwamba, ciyawa ta ƙosa ta yi ja, kafin a fara cinna wa daji wuta. Wanda aka yanka da wuri ruɓewa yake yi tun daga ciki. A shanya shi ya bushe ƙayau, a kakkaɓe ganye da guntaye, sannan a zauna yanta, wato jera shi ana kitse shi da igiya. A nan ake yin asara. Masu sauri suna yanta shi shara-shara don ya yi tsawo. Ka ɗaga yantaccen shuci ka kalli rana. In kana hango haske ta cikinsa, ruwa ma zai wuce. Kabar kuma ka jiƙa ta tun dare, busasshiya tsinkewa take yi a hannu.

Sai tsaiko, wato sandunan da ake ɗora shucin a kansu. In ya kwanta da yawa ruwa zama yake yi, ko da shucin mai kyau ne. Ka sa ya miƙe sosai. Kara yana yi, amma gara na son sa. In kana samun gora ko gwangwala sun fi ƙarko, ka kuma ɗaure tanka, wato karan da ake zagaye tsaikon da su, tam.

Baibaya daga ƙasa ake farawa, kowane zagaye ya rufe igiyar na ƙarƙashinsa, don igiyar da rana da ruwa suka samu ba ta shekara. A can ƙololuwa mu tsohuwar tukunya muke kifawa.

Na taɓa shimfiɗa leda a ƙarƙashin shuci, na yi nadama: ɗakin ya yi zafi, ciyawar ta yi gumi ta ruɓe. Kafin ka kwance jinkar gaba ɗaya, shiga ɗakin da tsakar rana ka rufe ƙofa ka ɗaga kai. In a sama kawai haske ke shigowa, ƙarin zagaye biyu da tukunya sun ishe ka bana.