Kakan mijinki da maganar tiyata

'Yata, saƙonki ya ba ni dariya, ya kuma hana ni barci. Wai ko gaskiya ne mutanen da can ba sa yarda a taɓa kan tsoho, tunda kakan mijinki ya faɗi, jini ya taru masa a ka, likita kuma ya ce ku zaɓa, ko tiyata ko a bar shi ana jinyarsa. Da me za su taɓa, 'yar nan? Hoton kai na CT ma sai a 1971 aka fara yi wa mara lafiya.

Ina budurwa kakana ya zame a bakin ƙofa, goshinsa ya ɗan bugu, ya tashi yana dariya. Bayan mako uku ya fara kirana da sunan mahaifiyata, yana jan ƙafar hagu. Har yau ina ganin hannun nan nasa yana laluben kofi, kofin kuwa yana gabansa. Muka ce rikicin tsufa ne. Ya yi ta barci har ya cika. Sai da na shiga aikin jinya na gane. Ƙwaƙwalwar tsoho tana motsewa, jijiyoyin jinin da ke tsakaninta da ƙoƙon kai su miƙe, ɗan bugu kaɗan ya tsinka su, jini ya riƙa tsattsafowa a hankali. Irin wannan ciwon, 'yar huda ake yi a ƙoƙon kai a tsiyaye jinin, kuma na ga 'yan tamanin sun farka sun gane 'ya'yansu. Kakata takan ce rashin sani ya fi dare duhu. Da mun sani!

Amma wanda jini ya ɓalle masa lokaci guda har ya shiga doguwar suma, nasa daban ne. Buɗe ƙoƙon ake yi sosai, kuma a waɗannan shekarun da yawa ba sa tashi, wasu su tashi ba sa iya yi wa kansu komai. Wanda aka bari ana ba shi maganin ciwo, ana juya shi, ana jiƙa masa leɓe, ai ba a yashe shi ba.

Ku 'yan yanzu kuna ta musu a waya, ba wanda ya gaya min ko kakan mijin naki yana buɗe ido, ko yana shan maganin tsinka jini. Wannan lallai likita ya sani. Shi tsohon fa, me ya taɓa cewa yana so? Mahaifina yakan ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ki je ki zauna kusa da shi, ki gaishe shi, ki gaya min ko ya matse hannunki.