Bindiga a gida ko a mota: haƙƙina ne ko sai da izini?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Damagaram, ina ɗaukar kaya zuwa Tanut da Agadas. Bara 'yan fashi suka tare mu cikin dare, suka kwashe kuɗi da wayoyi, suka fasa ma yaron motata kai, agaji bai iso ba sai da gari ya waye. Yanzu wani ya yi min tayin ƙaramar bindiga da harsasai, ya ce daga Libiya ta fito. Na ji a Amurka kowa na da 'yancin riƙe bindiga. To mu ba haƙƙinmu ba ne? Kuma in kowa na da ita ba ɓarayi za su shiga taitayinsu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da alheri, yaron kuma Allah ya ƙara masa lafiya. Wanda bai taɓa kwanciya rub da ciki a kan rairayi ana lalube aljihunsa ba bai kamata ya yi maka dogon wa'azi ba, don haka zan faɗa maka abin da doka ta ce da abin da na gani a aikin shari'a, sauran kuma kai da hankalinka.

Abu biyu ka haɗa wuri guda, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa. Kare kai haƙƙi ne, wannan ba gardama. Dokar hukunta laifuka ta Nijar ta yarda da shi, in an kawo maka hari kana iya karewa, da sharaɗin harin yana gudana ne a lokacin kuma martanin bai wuce kima ba, wato ba ka bi ɓarawo yana gudu ka harbe shi a baya ka ce kare kai ne. Addini ma haka, hadisi ingantacce ya ce wanda aka kashe yana kare dukiyarsa shahidi ne. Amma mallakar bindiga wani abu ne daban. A ƙasarmu ba haƙƙi ba ne da aka haife ka da shi, izini ne da hukuma ke bayarwa kuma tana iya hanawa, tana iya janyewa. Tsarin mulkin 2010, wanda aka dakatar a 2023, ya lissafa haƙƙin rayuwa da lafiya da tsaro da mallakar dukiya, babu inda ya ce haƙƙin bindiga. Takardar izinin daga ma'aikatar cikin gida take fitowa, bayan an bincika halinka da dalilinka, kuma makaman yaƙi irin su kalashi ba a ba farar hula izininsu ko da wane ne shi. Wanda aka kama da bindiga babu takarda, gidan kaso ne da tara da ƙwace bindigar, kuma a wannan zamanin da ake ciki in aka same ta a mota a hanyar arewa tambayar farko da za a yi maka ba ta 'yan fashi ba ce, ta wa kake kai ma makami ce.

Maganar Amurka gaskiya ce amma ba duka aka ba ka ba. Gyara na biyu na tsarin mulkinsu, na 1791, shi ya ambaci 'yancin jama'a na ajiye makami da ɗaukarsa, kuma jimlar da maganar mayaƙan sa-kai ta fara, don a lokacin ba su daɗe da korar Ingila ba kuma ba su yarda da babbar rundunar soja ta dindindin ba. Sun shekara fiye da 200 suna gardama kan ma'anar jimlar nan. Sai 2008 kotun ƙolinsu ta yanke, a shari'ar Heller, cewa haƙƙi ne na mutum shi kaɗai ya ajiye bindiga a gida don kare kansa, alƙalai 5 suka yarda 4 suka ƙi, ka ga ko can da ƙuri'a guda aka rinjaya. A 2022 suka ƙara faɗaɗa shi zuwa yawo da ita a waje. Bayan Amurka ƙasashen da suka sa wannan a tsarin mulki 'yan kaɗan ne, irin su Meziko da Gwatamala. Sauran duniya izini ne kamar namu.

To me ya biyo baya? Ƙididdigar cibiyar binciken makamai ta Small Arms Survey ta 2018 ta ce fararen hula a Amurka na riƙe da bindigogi kusan miliyan 393, wato kusan 120 ga kowane mutum 100, bindiga ta fi mutane yawa. In da yawan bindiga ke kawo kwanciyar hankali da babu ƙasar da za ta kai su barci da ƙofa buɗe. Amma a 2021 kaɗai mutum 48,830 bindiga ta kashe a can, kuma abin da ba a cika faɗa ba, fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Ba ɗan fashi ba ne, ba ɗan ta'adda ba, mutum ne baƙin ciki ya rufe shi dare ɗaya ga kuma abu a ƙarƙashin matashi.

Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe Alhaji. Bindiga ba ta san ranar da aka saye ta dominta ba. Kai ka saye ta don dare ɗaya na 'yan fashi wanda wataƙila ya sake zuwa wataƙila bai zo ba, amma ita tana gidan kullum, ranar da ka yi faɗa da ƙaninka kan gado, ranar da ɗanka matashi ya dawo daga fada an zage shi a gaban abokai, ranar da yara ke ɓoyayyeniya suka buɗe akwati. Na taɓa zama a wani zaman shari'a da har yau ban manta ba. Dattijo ne mai mutunci, yana da tsohuwar bindigar farauta a naɗe cikin buhu a bayan randa, shekara da shekaru ba ta yi komai ba. Shanu suka shiga gonar ɗansa ana gab da girbin hatsi, irin rigimar da mai gari ke kashewa da tiya kaɗan na diyya kafin la'asar. Yaron ya shiga ɗaki ya ɗauko buhun. Abin da ya tsaya min a rai shi ne dattijon a zaune bakin kotu yana ta juya hularsa a hannu yana cewa wallahi ko harsashin ma ya ɗauka ya lalace. Gida biyu suka mutu ranar, na mamaci da na wanda ya harba.

Kuma mu 'yan Zinder ba sai an kai mu Amurka ba don mu gane wannan. Mun san zamanin da 'yan pale, wato gungun matasa 'yan daba, suka addabi gari, unguwa da unguwa, adda da wuƙa da gora da kwalba. An ji ciwo sosai, an rasa rayuka, amma mafi yawan faɗan a babban asibiti yake ƙarewa da ɗinki, kuma da yawa cikin yaran nan yau suna nan da tabonsu suna kabu-kabu suna ciyar da iyali. Ka zauna ka ƙiyasta irin wannan faɗan in da kowane gida a Kara-Kara da Garin Malam da Sabon Gari akwai bindiga. Mai adda sai ya matso kusa da kai, ana iya riƙe shi, ana iya gudu, zuciyarsa na iya sanyi kafin ya iso. Harsashi ba ya ba kowa wannan damar.

Ba zan ɓoye maka hujjar ɗaya ɓangaren ba. Akwai ƙasashe irin Suwizalan da ke da bindigogi da yawa a hannun jama'a amma kisan kai kaɗan ne ƙwarai, don haka ba bindiga kaɗai ke kisa ba, talauci da ƙwaya da rashin hukunci duk suna ciki. Sai dai can akwai rajista da horo da hukumar da ta san wa ke da me, kuma tun 2007 suka daina barin sojojin wucin gadi su ajiye harsashin gwamnati a gida. Ostareliya kuma bayan wani ya kashe mutum 35 a Port Arthur a 1996 ta tsaurara doka ta sayi bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata, kuma irin wannan kisan na jama'a da yawa ya yi ƙaranci sosai bayan nan. Masana na gardama kan ko nawa ne daga raguwar doka ta jawo, wannan gardamar ta su ce.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne maƙwabta. A Zamfara da ɓarayin shanu suka yi yawa mutane suka kafa 'yan sa-kai, da niyya mai kyau aka fara, sai aka shiga kashe mutum a kasuwa don kawai kamanninsa ko ƙabilarsa, 'yan'uwansa suka shiga daji suka sayo kalashi, ramuwa ta bi ramuwa. A 2022 gwamnatin jihar da kanta ta ce mutane su nemi bindiga su kare kansu, kuma ga shi har yau ba a daina sace mutane ba, har tartsatsin ya tsallako Madarunfa da Gidan Runji. A nan gida ma, a watan Nuwamba na 2021, magajin garin Banibangu ya fita da 'yan sa-kai suka faɗa cikin kwanton ɓauna, mutum 69 suka rasu har da shi. Jarumtaka ba ta yi musu ƙaranci ba, makamin da ke gabansu ne ya fi nasu. Shi ya sa maganar nan ta ɓarayi za su ji tsoro ba ta cika tsayuwa ba. Ɓarawon da ya san matafiya na da bindiga ba ya tuba, ƙaro mutane yake yi ya fara da harbi kafin ya ce a sauko.

Ka ma duba daren naka. Su nawa ne? Da me suka zo? Su suka zaɓi wurin, su ke cikin duhu, kai kana cikin mota fitila na haska ka. Da ka zaro ƙaramar bindiga a wannan halin, mutumin da bai taɓa harbi ba hannu na rawa, ina tsoron da ba kai ke rubuto min wannan tambayar ba, kuma da an ƙara musu bindiga guda.

Wasu kan ce ai kakanninmu da makami aka san su. Haka ne, Damagaram ta yi suna da bindiga, Sarki Tanimun a ƙarni na 19 ya tara dubban bindigogi har igwa ake ƙerawa a cikin Birni. Amma a hannun wa suke? Rundunar sarki, 'yan bindigar fada, ba kowane mai rumfa a kasuwa ba. Kuma da ƙasar nan ta fita daga tawayen shekarun 1990 abin da aka yi shi ne tattara makamai, aka kafa hukumar CNCCAI a 1994 don wannan aikin, aka ƙona bindigogi fiye da 1,000 a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000 a bikin wutar zaman lafiya. Sai faɗuwar Gaddafi a 2011 ta buɗe rumbunan Libiya, abin da aka ƙona ya dawo ninki ba adadi, ita ce irin wadda aka yi maka tayi.

Ita kuwa wannan ɗin, don Allah ka bar ta. Ba ka san ran wa ta ɗauka ba kafin ta iso hannunka, kuma ranar da aka kama ta kai ne za ka amsa tarihinta duka. Shi mai tayin ma daga ranar ya riƙe maka wuya, ya san sirrinka, in aka kama shi sunanka na cikin waɗanda zai fara kira.

In ka ga lallai aikinka na buƙata, bi ta ƙofa. Ka je ofishin gwamna ko komisariya ka tambayi takardun da ake haɗawa a yanzu, ka shirya takardar kotu mai nuna ba ka da laifi, da shaidar sana'arka, ka kuma shirya haƙuri don ana iya daɗewa kuma ana iya cewa a'a. Yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta 2006 kan ƙananan makamai ta jera sharuɗɗa masu ma'ana, dalili na halal, rashin tarihin laifi, horo, da ajiye bindiga wuri daban harsashi wuri daban, kuma ko da mun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025 ni ina ganin duk mai hankali zai bi su ko ba a tilasta masa ba. Kafin nan akwai abin da ya fi bindiga amfani a hanyar Tanut: kar ka yi tafiyar dare, ku haɗu da sauran 'yan kasuwa ku tafi ayari, inda ake rakiyar sojoji ku jira ta ko da za ta ci muku kwana, kuɗi kuma ka tura ta kamfanin aika kuɗi ka karɓa a Agadas, kar yaran tasha su san ranar tashinka ko abin da ka ɗauko. Ku kuma je a ƙungiyance ku kai kukan wurin da aka tare ku, da rana da lokaci a rubuce, don takardar mutum 40 ba a ajiye ta a aljihun tebur kamar ta mutum guda.