Amsar Kawu kan lissafin taurarin shuka

Ɗana, na ga hoton tarin taurarin nan mai murɗe-murɗe da ka turo, kana tambaya wai lissafin taurarin da kakanku yake yi kafin shuka ko da irin wannan mai murɗe-murɗen ake yi. A'a wallahi, ko kusa.

Nasu lissafin kalanda ce kawai. Taurari 28 ne, kusan kowace kwana 13 take yi, bakwai na damina, irin su Haƙa'a da Hana'a da Zira'a, manomi sai ya leƙa zauren malam ya ce yau wace tauraruwa muke ciki, don ya san ko ruwan da ya sauka na shuka ne ko na yaudara. Amma kul ka ce tauraro ne ya kawo ruwa, wannan addini ya hana.

To duk waɗannan, har da Kaza da 'ya'yanta, maƙwabtanmu ne, galaksi ɗaya muke ciki da su, wato ƙaton tarin taurari, ita Kazar tafiyar haske shekara wajen 440 ce tsakaninmu. Abin da ke hotonka kuwa wata galaksin ce daban can nesa, taurari ne biliyoyi a haɗe. Siffarta kamar faifai ne mai tudu a tsakiya, tudun nan ruwan ɗorawa tsofaffin taurari ne suka cunkushe, hannuwan da suka nannaɗo kuma ka ga sun yi shuɗi-shuɗi, to nan ake haihuwar sabbin taurari masu tsananin zafi, baƙin zanen da ya bi gefensu kuma ƙura ce ta tare haske, ba wai babu komai a wurin ba. Wani Bature Lord Rosse ne ya fara ganin murɗewar nan da madubin hangen nesa a ƙasar Ayalan a 1845.

Tamu ma haka take, faɗinta wajen shekarar haske 100,000, don muna cikinta ne ba ma ganin murɗewar, sai farin zirin nan da ke ratsa sama da dare.

In kana so ka ga wata da idonka, bayan kaka kafin hazo ya yi ƙarfi ka fita bayan gari daren da ba farin wata, ka duba ta wajen arewa, Andromeda na nan, ɗan fari-fari ne dishi-dishi, nisanta shekarar haske miliyan 2.5. Kar ka sa ran ganin hannuwan, wannan sai da na'ura. Ka gaida mamanka.