Amsa: Uba ya matsa sai na gaya masa sirrin ɗansa

'Yar'uwa, kin ce mahaifin wani matashi da kike ba shawara a cibiyar gyaran masu shaye-shaye a Jos ya matsa sai kin gaya masa abin da ɗansa ke faɗa miki, shin ki yanke shawara da kanki ko ki kai wa mai duba aikinki? Ki kai masa tukuna, kafin ki ce wa uban uffan. Don irin wannan aka ajiye shi.

A abin da na gani, mai dubawa na ƙwarai ba ya cewa "faɗa" ko "kar ki faɗa". Tambayoyi zai jera miki: yaron ya kai shekara 18? Ya amince a sanar da gida? Ya ambaci kashe kansa ko cutar da wani? In babu barazana ga rai, sirrinsa nasa ne, kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta kare shi. Mai dubawa zai kuma lura da abin da ke ba ki gani, wato kunyar dattijo ce ke jan ki, balle in shi ke biyan kuɗin jinya, ya zo da furfura yana cewa "ai ɗana ne". Bayan 'yan watanni za ki ji kina yi wa kanki tambayoyin tun uban bai gama zama ba. Sharaɗin dai shi ne ki kai maganar yadda take, har da inda zuciyarki ta karkata, kuma in zamanki da mai dubawa na taro ne da abokan aiki, ki sakaya sunan yaron da unguwarsu, don Jos kowa ya san kowa.