Amsar Baffa kan benen gangaren dutse

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce filin da ka saya a gangaren Mpape za ka ɗora masa bene, sai maƙwabcinka na sama ya tada ƙura, wai ginin zai tare masa hangen Abuja daga barandarsa, kana tambaya ko al'ada ta ba shi wannan haƙƙi. Na yi murmushi da na karanta, daga baya kuma hankalina ya ɗan tashi, don ban ga inda ka ambaci wanda gidansa ke ƙasa da naka ba, alhali shi ne abin ji.

A ƙuruciyarmu, a unguwannin gindin Dala, ba a kai ƙara a kan kallo. Abin da iyayenmu ke tsarewa shi ne kada ido ya faɗa musu tsakar gida. Magini ba ya hawa soro yin yaɓe sai an tura yaro gida-gida ya ce za a hau sama, mata su kintsa. Yanzu kuwa sai ka wayi gari ka ga leburori a kan dakin, wato rufin kankare na bene, suna kallon matar mutum tana wanke-wanke, babu wanda ya yi sallama.

Ranar da wani zai fasa taga a soron bene kuwa, taro ake yi. Mai unguwa ya zo, liman ya zo, a kira babban magini. A hau da gado a ajiye shi a gindin tagar, a zaɓi dogon mutum ya tsaya a kai ya leƙa. A can gidan maƙwabci an riga an tsayar da wani dattijo, ya tsaya a bakin rijiya, ya koma ƙofar madafi, ya koma ƙofar makewayi. In na kan gado ya hango ko da hularsa, magana ta ƙare: a toshe tagar da tubali a yaɓe, ba a yarda da labule ko ƙyaure ba, domin abin da hannu ya rufe hannu na iya buɗewa. In bai hango komai ba, a yi fatiha a watse. Malamanmu sun ce wannan gwaji na gado daga hukuncin Sayyidina Umar aka samo shi. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta hana buɗe tagar da za ta tona asirin maƙwabci. Muktasar, shi ma littafin fiƙihu, ya ce ba a hana mutum ɗaga gininsa don ya tare wa wani haske ko rana ko iska, in ban da masussuka, inda ake buƙatar iska don shiƙa. To in iska ma haka ne, ka auna matsayin kallon fitilun gari da kanka.

Amma kada ka ɗauki wannan ka je kana yi wa mutum gadara. Dattawanmu kan ce maƙwabci kafin gida, kuma gani ya kori ji. Takardar zane ba ta nuna wa kowa komai, tsoro kawai take ƙara masa. Ka samo dogayen gora huɗu, ka kafa a kusurwoyin ginin, kowace daidai tsayin da rufin zai kai, ka ɗaura jan ƙyalle a kansu, ka ja igiya tsakaninsu. Ka bar su mako guda. Sannan ka je da goro, kai da mai zanenka, ku zauna a barandar tasa ku duba tare. Sau da yawa abin da ke tare hangen kwanon rufi ne da tankin ruwa. Rufin zamani mai tsini kan ci mita biyu zuwa uku a banza. In aka kwantar da shi aka kewaye da rawani, wato gajeriyar katanga a bakin rufi, aka sauke tankin gefe, aka yanki dutsen aka zaunar da gidan a ciki maimakon a yi ciko a ɗora, za ka iya mayar masa da rabin abin da yake kuka a kai ba ka rasa ɗaki ko ɗaya ba. Abin da kuka amince a rubuta, shaidu biyu su sa hannu, a gyara zanen kafin a kai wa hukumar kula da gine-gine. Tazarar da suka gindaya tsakaninka da katanga, kada ka ci ko taku ɗaya.

Yanzu na ƙasa da kai. Tagogin benenka da ke fuskantar gidansa, ka ɗaga dokinsu ya wuce mita 1.8 daga daɓe, ko ka sa gilashi mai hazo wanda ba ya buɗewa ta ƙasa. Baranda ta wannan gefen ka haƙura da ita. Sai ruwa, wanda ya fi taga haɗa faɗa a gangare. Indararo ba ya zuba a gidan wani, wannan tun kakanni. Ka tara ruwan rufinka a bututu ka kai shi kwatar titi. Katangar da za ta riƙe ƙasar da ka yanka kada ta zama bulo ziryan: bulo mai inci tara a cika shi da kankare da rodi, a zuba tsakuwa a bayansa, a bar ƙofofin tsiyaya da bututu mai inci biyu ko uku duk bayan mita ɗaya da rabi. In ta haura ƙirjin mutum, injiniya ne zai zana ta. Wanda ya tsallake waɗannan, ruwan Agusta zai taru a bayanta, ta fara ciki, ta tsage, wata rana da dare ta kwanta a kan ɗakin mutane.

Ka je ka gai da maƙwabcin na ƙasa kafin tifa ta farko ta sauke yashi, ka gaya masa ranar da za a fara fasa dutse da ranar da leburori za su hau sama. In ka kafa gorar, ka aiko mini da hoto daga barandar na sama da kuma daga tsakar gidan na ƙasa, sai mu ƙarasa maganar.