Na'ura, makamashi da tsohuwar zuma: amsar tambayoyinku

Saƙonnin wannan karon kusan duk sun karkata ga kwamfuta da motoci da man da suke sha. Da alama labaran fasaha sun sa mutane gardama, gardamar kuma ta gangaro kan kalmomi. Ga waɗanda na zaɓa.

Malam, ni ɗalibin ilimin kwamfuta ne. Kullum muna musu da abokaina a kan wanne ne daidai, "kwamfuta" ko "na'ura mai ƙwaƙwalwa". Ni gani nake mai cewa kwamfuta ba Hausa yake yi ba.

Ɗana, idan aro ne ke korar kalma daga Hausa, to "na'ura" ce za ta fara kama hanya, domin Larabci ce. A wurin Larabawa sunan wani ƙaton wili ne na katako da ake kafawa a bakin kogi, ruwa yana juya shi, shi kuma yana ɗebo ruwan yana juyewa a magudanar da ke kai shi gonaki. Har gobe akwai irinsu a birnin Hama na ƙasar Siriya. Bahaushe ya karɓi kalmar ya shimfiɗa ta a kan duk wani abu mai aiki da kansa, daga na'urar sanyaya ɗaki har ta auna zafin jiki. Haka "fasaha": a Larabci iya magana ce, a bakinmu yau ita ce ke ƙera jirgi. "Kimiyya" ma daga can take. Ba mai jin waɗannan a matsayin baƙi, saboda sun daɗe a gidan.

"Na'ura mai ƙwaƙwalwa" kyakkyawar ƙira ce, kuma tana da amfani idan kana yi wa dattijon da bai taɓa ganin abin ba bayani. Matsalarta biyu. Ta farko tsawo. Gwada ka ce wa mai gyara "na'urata mai ƙwaƙwalwa ta ƙi tashi", ka ga yadda zai dube ka. Ta biyu, tana ba injin abin da ba shi da shi. Su kansu Turawa, kalmar da muka ara daga gare su da can sunan mutum ne, ma'aikacin da ake biya ya zauna ya yi ta buga lissafi da hannu. Da aka ƙera injin da ya karɓe aikin, irin ENIAC da aka bayyana a Amurka a 1946, mai nauyin kusan tan 30, sai sunan ya koma kansa. Mai lissafi ke nan kawai, ba mai tunani ba. Ita "kwamfuta" ta riga ta zama 'yar gida: mace ce, muna cewa "ta lalace", tana da jam'i "kwamfutoci" kamar yadda mota ke da motoci, tana ɗaukar "-r" a "kwamfutar ofis". Kalmar da ta bi nahawunka haka ba ka da bakin ce mata bare.

Wata malama ta rubuto: A makaranta na san "manhaja" da ma'anar tsarin darussa. Yanzu ina jin 'yan jarida na cewa "manhajar WhatsApp". Ina alaƙar?

Malama, alaƙar tana nan, kuma duk wanda ya fara wannan amfani ya yi dabara. "Manhaj" a Larabci hanya ce bayyananna da ake bi. Manhajar karatu tana gaya wa malami abin da zai koyar, daki-daki, wannan kafin wancan. Abin da mai rubuta wa kwamfuta umarni yake yi ke nan: yi kaza, in ka ga kaza koma can, maimaita har sau kaza. Inji ba ya tsallake layi, ba ya kuma cike giɓin da aka bar masa.

Abin da nake ƙorafi a kai shi ne kalmar ta ɗauki kaya da yawa. Windows manhaja, Android manhaja, ƙaramin wasan da yaro ya sauke a waya shi ma manhaja. Idan ana so a bambanta, a ce "babbar manhaja" ga wadda ke tafiyar da na'urar baki ɗaya, sauran a bar su da sunansu. Wannan shawarata ce, ba doka ba. Ga wani abin sha'awa: kalmar da masu wannan sana'a ke kiran jerin matakan warware matsala da ita, algoridim, sunan mutum ne da ya lanƙwashe a bakin Turawa, wato Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, malamin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Daga sunan littafinsa kuma aka samo aljabra.

Wani kuma ya tambaya: Intanet da yanar gizo abu ɗaya ne?

A hira, i. A wurin masu abin, a'a. Intanet ita ce haɗakar wayoyi da na'urorin da ke sada kwamfutocin duniya, kuma tushenta ya koma 1969. Yanar gizo shafukan da ake buɗewa ne a kanta, waɗanda Tim Berners-Lee ya tsara a 1989 yana aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janiba. Kiran murya a WhatsApp ta intanet yake bi, amma ba shafin yana ba ne. Ni dai sunan yana burge ni ta wani gefen da ba na jin an nufa. Gizo a tatsuniya ai uban wayo ne da zamba, shi ya sa mai tatsuniya ke rufewa da "ba don Gizo ba da na yi ƙarya". Wanda ya ga irin labaran da ke yawo a shafukan nan ya san an sa suna a muhallinsa.

Wani direba ya tambaya: Malam, ana ta maganar sauya makamashi, a bar fetur a koma rana da iska da batir. To ai rana ba a ƙona ta. Me ya sa ake ce mata makamashi? Sannan kalmar "gas" tana rikita ni.

Ɗan'uwa, kunnenka ya ji daidai. Makamashi daga "kama" yake, abin da wuta ke kamawa ta ci, kamar ƙirare da itace da gawayi. Daga nan ya haɗa da kananzir da fetur, har ya zama sunan duk abin da ke ba inji ƙarfi, ko da harshen wuta ko babu. Ba yau aka fara ba. Lantarki ma "wuta" muke ce masa, a ce an kawo wuta, an ɗauke wuta, alhali ba hayaƙi ba toka. Don haka "makamashin rana" bai saɓa wa ɗabi'ar harshen ba.

Maganar gas ita ce ta fi buƙatar kula, domin nan kuskuren suna yana iya cin rai. Abu uku muke kira da suna ɗaya. Akwai man gas, wato dizal, wanda ruwa ne da manyan motoci ke sha. Akwai gas ɗin girki, wanda ake matsawa kaɗan ya zama ruwa a cikin tukunya. Sai kuma wanda ake juya injin mota ya koma amfani da shi, CNG, iskar methane ce da ba ta zama ruwa a tukunyar, ana dai danne ta da matsi kusan ninki 200 na iskar da muke shaƙa. Tukunyar girki ba a yi ta don ɗaukar wannan matsin ba, fashewa za ta yi. Shi ya sa nake roƙon masu rubuta labarai su daina cewa "motar gas" su yi shiru. A ce dizal, ko gas ɗin girki, ko matsattsiyar iskar gas, kowa ya san inda aka dosa.

Wani dattijo ya ce: Jikana ya ce min motar lantarki sabon abu ce, fetur ya zama tsohon yayi. Na ce masa da tsohuwar zuma ake magani. Ya ce karin maganar bai shiga nan ba. Wa ya fi gaskiya?

Baba, karin maganar ya shiga, sai dai ina tsoron ya juya ya goyi bayan jikan naka. Ma'anarsa ita ce abin da ya daɗe, aka gwada shi aka san halinsa, shi ake nema ranar da lamari ya ɓaci, ko tsohon aboki ne ko tsohuwar dabara. To a tarihin mota, lantarki ba yaro ba ne. Motar farko da ta haura gudun kilomita 100 a awa ta lantarki ce, wani ɗan Beljiyam, Camille Jenatzy, ya tuƙa ta a Faransa a 1899. A farkon ƙarni na 20 motocin batir suna gogayya da na fetur a biranen Amurka, kuma mutane na son su saboda ba ƙara, ba wari, ba wahalar murɗa hannun tayar da inji. Fetur ya yi galaba ne da ya yi arha, Ford ya fito da Model T a 1908, sannan aka sa wa mota sitata a 1912, ga batir ɗin lokacin mai nauyi da saurin ƙarewa. Abin da ya dawo da motar lantarki shi ne batir ɗin lithium, wanda Sony ya fara sayarwa a 1991. A 2024, kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya a Norway na lantarki ne.

Man tsirrai ma haka. A baje kolin Paris na 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa. Brazil ta rungumi man rake tun 1975, bayan tashin farashin mai na 1973 ya girgiza ta, kuma tun 2003 ake sayar da motoci a can masu shan fetur ko man rake, duk wanda direba ya samu.

Inda karin maganar ya zauna daram, ba gardama, shi ne a duniyar manhaja. COBOL, wani yare na rubuta wa kwamfuta umarni, an tsara shi a 1959, matasan masu rubuta manhaja suna yi masa dariya, amma bankuna da ma'aikatu da yawa har yanzu a kansa suke. A 2020, lokacin korona, da masu neman tallafin rashin aiki suka yi wa tsarin kwamfutar jihar New Jersey ta Amurka yawa, gwamnan jihar fitowa ya yi yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL. Amma a yi hattara, Hausawa ba su ce duk tsohon abu magani ba ne. Zuma suka ce, saboda ita ce ba ta lalacewa da daɗewa. Jikanka kuma yana da nasa makamin idan ya so: in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Ta ƙarshe, daga wata mai koyon rubuta manhaja: Turawa suna kiran kuskuren manhaja da sunan ƙwaro. Mu ma mu ce "ƙwaro"?

'Yata, ba na ba da wannan shawarar. Labarin da ake yawan bayarwa gaskiya ne: a 1947 masu aiki da kwamfutar Mark II ta jami'ar Harvard sun ciro wani ƙwaro mai fiffike da ya maƙale a cikinta, suka manna shi a littafin aikinsu. Sai dai injiniyoyi sun daɗe suna faɗin haka kafin ranar, Thomas Edison ma ya rubuta kalmar a wasiƙarsa tun 1878. Tasu al'adar ce. A Hausa kuwa, idan kika ce mutum ƙwaro ne a lissafi, yabonsa kika yi, gwani ke nan. "Akwai ƙwaro a manhajar" zai sa mai sauraro ya ɗauka wani gwani ne ya rubuta ta, ko kuma ya zaci cutar kwamfuta kike nufi, wadda ita daban ce, da gangan ake ƙirƙirarta don ɓarna. Muna da kalmomi da suka wadatar. Idan mai rubutu ne ya yi kuskure, kuskure ne. Idan manhajar tana aiki tana tsayawa, tangarɗa ce. Idan kuma wata kafa ce da ɓarawo zai iya shigowa ta nan, ki ce ɓaraka, aikin gyaranta kuma toshe ɓaraka.

Wanda ya tambayi ko "ƙirƙirarriyar basira" ta dace da abin da ChatGPT, manhajar nan mai amsa tambaya kamar mutum, ke yi, ya yi haƙuri zuwa mako mai zuwa. Kalmar "basira" kaɗai za ta ci shafi guda.